"An" a Teburin Mai Shayi

Tun da na dawo Tudun Jukun da zama, nakan yada zango bayan sallar isha'i a teburin wani mai shayi, ba nisa da Kamfanin Gaskiya. Da fari na ɗauka hirar samarin wurin ba ta da kai balle gindi. Wanda aka lallasa a ƙwallon PlayStation zai iso yana huci, wai an yi masa maguɗi. Kafin shayinsa ya huce an koma kan dandalin fina-finan da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016, ta fasa bayan malamai sun yi ca. Sai rusa rundunar SARS a Oktoban 2020, sai datar da kamfanin waya ke zuƙewa cikin dare.

Na daɗe ina saurare kafin kunnena ya tsaya kan kalma guda: "an". A aji mukan ce ba ta fayyace mai aiki, mu wuce gaba. A nan kuwa tana da lokacin fitowa. Jarumin Kannywood da ɗan ƙwallo, kowa na kiran sunansu gatse-gatse. Da zarar zance ya taɓa mai kaki ko mai mulki, sai sunaye su ɓace: an kama, an saye, an cuce mu.

Wani dare na tambayi ɗan yayata wa ya kama abokinsa. Ya waiga titi, ya sassauta murya.

"Kawu, an dai kama shi."

Ya san mutumin har gidansa, ya kuma san na san ya sani.