Ruwan da ke manne da bango

Duk mai fentin da ya san aikinsa zai gaya maka gara a shafa fenti kaɗan-kaɗan sau biyu da a lafta shi lokaci guda. Yana da gaskiya, 'yan uwa, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

Idan ruwa ko mai yana gangarowa a jikin bango, ɓangaren da ya taɓa bangon ba ya motsi ko kaɗan, manne yake. Wanda ke bayansa yana tafiya da ƙyar, na can waje shi ne mai gudu. Nauyi yana jan ruwan ƙasa, danƙonsa yana riƙe shi. Wani injiniya Bajamushe, Wilhelm Nusselt, ya yi lissafin wannan a 1916 lokacin da yake nazarin tururin da ke komawa ruwa a jikin ƙarfe mai sanyi. Lissafin ya nuna idan kaurin shimfiɗar ruwan ya ninka biyu, abin da ke kwararowa ninki takwas yake yi. Shi ya sa fentin da aka lafta yake tsiyaya tun bai bushe ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya gefen lissafin. Yayin da shimfiɗar ke sirancewa, gudunta yana mutuwa. Harold Jeffreys na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1930 cewa kafin kaurin ya ragu da rabi, sai lokacin ya ninka huɗu. Kaurin da ka gani bayan minti 1, rabinsa sai a minti 4, rubu'insa sai a minti 16. Wanda ya taɓa kife kwalbar zuma yana jiran ragowar ta sauko ya san wannan jiran.

Amma shimfiɗar ba kullum take sauka sumul ba. A 1946 aka tuɓe masani ɗan Rasha Pyotr Kapitza daga muƙamansa bayan saɓani da Beria, shugaban 'yan sandan ciki na Stalin. Ya koma gidansa na ƙauye kusa da Mosko, babu manyan na'urori. Shi da ɗansa Sergei suka riƙa zuba ruwa a jikin bututun gilashi suna ɗaukar hoto, suka ga yadda ƙananan igiyoyin ruwa ke tasowa da kansu, wasu su tattaru su zama ƙullutu mai tsere wa saura. An wallafa aikin a 1948 da 1949. Ina girmama wannan aiki ƙwarai, domin mutumin da aka raba da ɗakin bincikensa ne ya yi shi, kuma har yau masu nazarin fannin daga nan suke farawa.

Igiyoyin nan suna motsa ruwan, zafi ya ratsa shi da sauri. Masana'antun da ke ƙafar da ruwan madara ko na 'ya'yan itace a cikin dogayen bututai suna cin moriyarsu, mai shafa wa gilashi ko takarda sinadari kuwa ƙoƙarinsa ya hana su tasowa.