Minti Goma Kawai

Wata Asabar cikin watan Afrilu mu ka tashi daga gidanmu a Sabon Gari za mu kai karen yaranmu wurin likitan dabbobi. A hanya mu ka biya Kantin Kwari a Fagge domin mu sayi atamfa. Ba a shiga kasuwa da kare, sai mu ka bar shi cikin mota, mu ka ɗan sauke gilashi. Mu ka ce minti goma kawai.

Ciniki ya riƙe mu har rabin sa'a. Sa'ad da mu ka komo, ga shi kwance, harshe waje, ya kasa tashi. Wani ɗan ga-ruwa ya taimake mu, mu ka kai shi inuwa, mu ka jiƙa masa jiki. Da ƙyar ya farfaɗo.

Likita ya gaya mana kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke sanyaya jikinsa. A bazarar Kano zafi ya kan wuce digiri 40, cikin mota kuwa ya fi haka nesa.

Yaranmu ba su yi mana magana ba har dare. Tun ran nan ba mu ƙara barin kare ko yaro cikin mota ba. 'Yan'uwa, kada ku jira irin tamu ta same ku.