Zoɓon wane gari ne wannan?



A ƙasar Faransa akwai wani yanki da ake kira Burgoni, inda ake noman inabi ana yin jar giya da shi. Mu dai ba mashayanta ba ne, addininmu ya haramta, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Tsarin da suka yi wa sunayen garuruwansu ne ya tsaya mana a rai. Kusan duk jar giyar yankin da irin inabi ɗaya ake yin ta, wanda suke kira Pinot Noir, amma ba su yarda a tara ta a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Sun kasa ta hawa huɗu: ta yanki baki ɗaya, ta ƙauye, sai hawa biyu na zaɓaɓɓun gonaki. A hawan ƙauye sunan garin ne ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalba, kuma tun 1935 ƙasar ta yi dokar da ke kare irin waɗannan sunaye. Pommard da Volnay ƙauyuka ne da ke maƙwabtaka, mutum zai iya takawa da ƙafa daga wannan zuwa wancan, amma masana ɗanɗano na cewa ta Pommard ta fi nauyi da bauri, ta Volnay ta fi laushi da ƙamshi. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin yankin cikin kayan tarihin duniya.

To mu ma ai muna da jan abin sha namu, na halal, kuma a bakin gonakinmu yake fitowa. A nan Dogon Daji da ƙauyukan ƙasar Tambuwal da Kebbe sure ba baƙo ba ne, wato abin da Kanawa ke kira yakuwa. Ana shuka shi da damina a gefen gero ko dawa, wani lokaci don ya nuna iyakar gona. Ganyen ya tafi miya, 'ya'yan a yi daddawar batso da su, jan kwanson kuma a ɓare shi da kaka a shanya cikin iskar hunturu. Shi ne zoɓo, ko soɓorodo. Mutanen Senegal na ce masa bisap, Misirawa da Sudanawa karkade, kuma daga Najeriya, musamman Jigawa, ana loda shi buhu-buhu har ƙasar Meziko. Da zarar ya shiga buhun ɗan kasuwa, sunan garin da ya noma shi ya ɓace ke nan. Wanda aka tsince aka shanya a kan tabarma mai tsabta da wanda aka zuba a ƙasa ya sha rairayi, duk mudu ɗaya, kuɗi ɗaya. Matar da ta yi wahalar ɓara da tsinta ba ta da abin da za ta nuna ta ce a ƙara mata ko naira goma.

Shin da gaske akwai bambanci tsakanin zoɓon wannan gari da na wancan? Mu a bakinmu akwai, sai dai yadda muke haɗa shi ne ke rufe bambancin. Citta, kanumfari, masoro, ɓawon abarba, sukari har cokali ya kusa tsayawa, sannan a kawo filebo na kwalba a tsiyaya. Wasu har kanwa suke jefawa don ta kashe tsamin, ita ce ma ke sa launin ya koma baƙi-baƙi. Ba mu ce babu daɗi ba, wanda ya kai azumi a zafin Sakkwato ya san darajar ƙullin zoɓo mai ƙanƙara. Amma wannan ɗanɗanon hannun mai haɗi ne, gonar ba ta samu ta yi magana ba.

In ana son jin gonar, ga yadda muke yi idan mun haɗu. A samo zoɓo daga wuri biyu ko uku, a auna daidai wa daida, a ɗauraye, a jiƙa kowanne a kwanonsa ya kwana cikin ruwan sanyi, kada a tafasa. Ruwan ya zama daga wuri ɗaya, domin rijiya mai zartsi takan ɓata hukunci. Da safe a tace a zuba a kofin gilas, a ɗaga shi wajen haske. Wani ja ne wur kamar gauta, wani ya yi duhu har ba a ganin yatsa ta bayan kofin. A sansana kafin a kurɓa: akwai mai ƙamshin busasshen ganye, akwai mai warin rumbu ko ƙaurin hayaƙi, wanda ke gaya maka inda aka ajiye shi. Sai a kurɓa kaɗan ba sukari, a riƙe a baki, a haɗiye, a yi shiru a saurari abin da ya rage.

Nan ne fa abin ya shafe mu a matsayin marubuta. Ku duba labaran da muke rubutawa, da an kawo wa baƙo lemo ko zoɓo sai a ce "ya sha ya ji daɗi", an wuce wurin. Alhali Hausa ba ta talauce haka ba. Tsami daban, bauri daban: tsami a gefen harshe yake tsayawa ya tsinko yawu, bauri kuwa busar da baki yake yi ya kama dasashi, irin na ɗanyen goro ko ɗanyen mangwaro. Maƙaƙi a maƙogwaro yake, bayan an haɗiye. Muna da gardi, muna da galmi, muna da lami da salam na abin da ba ya da kan gado a baki. Tsohuwar da ke sayar da zoɓo a kasuwa za ta tauna kwanso ɗaya ta ce maka wannan na bara ne, wancan an yanke shi bai ƙosa ba. Yawancinmu masu takardar difloma ba za mu iya ba. Kuma kalmar da aka daina buƙata a baki, ba ta daɗewa a takarda. Yaro nawa ne ɗan shekara 15 zai iya bambance maka galmi da lami a yau?

Wani zai ce Faransawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta wace gona ce ke ba da me, tun zamanin da 'yan zuhudun coci ke noma wuraren, mu kuwa ba mu da ko shafi ɗaya. Gaskiya ne. Shi ya sa ba za mu yi gaggawar cewa zoɓon gari kaza ya fi na gari kaza ba, don iri ma ya bambanta, akwai mai duhu, akwai mai haske, akwai fari da ake miya da shi, ga kuma bambancin jigawa da fadama da yawan ruwan shekara. Sai an ɗanɗana shekara da shekara ana rubutawa kafin a san na ƙasa da na iri.

Bana in Allah Ya kai mu kaka za mu fara. Muna neman mudu ɗai-ɗai daga Sanyinna, Jabo, Kuchi da nan Dogon Daji. Duk wanda zai kawo, ya rubuta a jikin ledar sunan garin, da irin ƙasar gonar, da watan da aka yanke shi.