Motar Ƙungiya Da Shan Mai: Yadda Muka Gano Matsalar



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, duk mai tsohuwar mota ya koma mai lissafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000. A irin wannan yanayi, idan mota ta ƙara shan mai dare ɗaya, aljihu ne ke fara ji, daga nan sai zumunci, domin mutane kan fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana muku abin da ya faru da motar ƙungiya da matakan da muka bi, ko wani zai amfana.

Motar dai kun san ta, tokumbo ce ƙirar 2004 mai kujera bakwai, wadda ke kai mara lafiya asibiti, ta kai mu ta'aziyya ko ɗaurin aure a Legas da Shagamu da Ilori. Littafin mai da muke ajiyewa ya nuna cewa a kan babbar hanya takan yi kusan kilomita 9 da lita ɗaya. Zuwa Legas da dawowa, wajen kilomita 260, takan sha lita 29. Kwatsam sai tafiyar ta koma cin lita 40. Ƙarin lita 11 ke nan, kusan naira 11,000 a kowace tafiya, daga kuɗin da 'yan uwa ke tarawa wata-wata.

Magana ta fara yawo. Wasu suka ce a sayar da ita tun tana da daraja. Wasu kuma, a ƙasa-ƙasa, suka fara kallon direbanmu, dattijon da ya shekara tara yana riƙe da makullin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da maganar ta kai kunnensa sai ya zo ya ajiye makulli a gaban shugaba ya ce, "Alhaji, ga amanarku. Mutuncina ya fi mini wannan aiki." Shugaba ya ce, "Baba, ɗauki makullinka. Ba za mu yanke hukunci a kan zato ba, sai mun auna." A nan kwamiti ya tsaya.

Matakin farko shi ne awo, domin allurar mai ta tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. Mun cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, muka rubuta lambar kilomita, biyu daga cikinmu suka bi motar zuwa Legas suka dawo, sannan muka sake cikawa a gidan mai ɗaya, a famfo ɗaya. Aka raba kilomita da litar da ta shiga, sai ga 6.5. Mun maimaita a tafiya ta gaba, lissafin bai canza ba. Da mutanenmu a ciki, ba wanda ya taɓa tanki, amma man ya tafi. Tun daga nan maganar Baba ta mutu, hankali ya koma kan motar.

Mataki na biyu, muka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Muka kwanar da ita a kan busasshen siminti, da safe ba ɗigo, ba warin fetur a ƙarƙashi ko wajen tanki. Wanda zai duba yoyon mai ya yi da tocila, kada ya kusanto da ashana ko sigari. Muka je wajen mai faci, tayoyi biyu iskarsu ta yi ƙasa, aka cika daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Matatar iska ta sha ƙura, aka sauya. Bayan gajeriyar tafiya muka kai hannu kusa da kowace ƙafa, sai muka ji ta baya ta dama ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Birki ne ke riƙewa, motar tana tafiya tana jan kanta. Aka gyara, muka sake awo, ta koma 7.2. An samu sauƙi, amma da saura.

Mataki na uku tambaya ce: me aka taɓa a motar kafin matsalar ta fara? Ruwa ba ya tsami banza. Da muka buɗe fayil ɗin rasidai, sai ga wani gyara na bakin hanya. Makonni kaɗan kafin haka injin ya yi zafi a gosulo, ga mara lafiya a ciki, wani bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye don su samu su isa asibiti. Wannan dabara ta zama ruwan dare a ƙasar nan, har za ka ji ana cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne. Ba haka abin yake ba.

An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama, sannan ta buɗe ya zagaya ta lagireto. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira biren bos, tana duba zafin ruwan kafin ta yanke yawan man da za ta fesa. Idan injin ya ɗumama, takan daidaita kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur bisa nauyi. Idan kuwa ta ga da sanyi, sai ta ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci masu kafireta. To idan babu tamostat, fanka kuma tana juyawa ba tsayawa, injin ba ya kai zafinsa, musamman a kan babbar hanya, kwamfuta kuwa sai ta yi ta ƙara mai tun daga Ibadan har Legas.

Don mu tabbatar, muka kai ta wajen mai na'urar binciken mota. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Da ya jona, sai ga lambar P0128, ma'anarta zafin ruwa bai kai inda ya kamata ba. Aka zagaya da motar na'urar tana jone, zafin bai wuce digiri 60 da 'yan kai ba. Da aka kwance fulogai kuma duk sun yi baƙi da toka, alamar mai ya yi wa iska yawa.

Aka sa sabon tamostat, aka mayar da fanka yadda take, aka sauya fulogai da baƙin mai, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yakan gangara ya tsinka shi. Aka kuma nemo abin da ya sa ta zafi tun farko: lagireto ne ya toshe, ga wani tiyo yana tsiyaya. Wannan shi ne ainihin ciwon, cire tamostat rufe shi kawai ya yi. Awo na ƙarshe ya ba mu 8.7. Kuɗin gyaran gaba ɗaya bai kai asarar tafiya goma ba, maganar sayar da mota kuma aka jingine ta.

Ga masu motar kansu, ga abin da za mu ƙara. Raguwa a hankali cikin shekaru tsufa ne, amma faɗuwa ta lokaci ɗaya tana da dalili, kuma galibi yana kusa da gyara na ƙarshe da aka yi. A riƙa sauya abu ɗaya a auna kafin a taɓa na gaba, in ba haka ba za a kashe kuɗi ba a san abin da ya yi magani ba. Idan wutar cek injin ta kama, a karanta lambar, kada a bari wani ya cire ƙwan. Idan zafin injin daidai yake, a duba na'urar da ke auna hayaƙi a jikin salansa, da injekta mai ɗiga, da matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, ko ta toshe ko an cire ta. A tuna kuma esi da lodi da tsayuwa a gosulo suna ƙara shan mai, don haka a kwatanta hanya ɗaya da irin lodi ɗaya. Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Daga yanzu kowace tafiya za a rubuta kilomita da lita, direba da wanda ya jagoranci tafiyar su sa hannu. Wannan kariya ce ga kuɗin ƙungiya, kariya ce kuma ga mai tuƙi. Littafin yana ofis, duk ɗan ƙungiyar da ke son dubawa ƙofa a buɗe take, wanda kuma ke son a nuna masa yadda ake lissafin ya same mu bayan taron wata.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.

Sakataren Ƙungiya