Jan ganye a cikin hunturu

Da safiyar nan ina ba shuke-shuken tsakar gida ruwa kafin iska ta taso, sai na ga poinsettia da ke jikin katanga ta soma ja. Ƙurar hunturu ta kwanta mata, na sa yatsa na share ganye ɗaya, jan ya fito kamar lallen da ya kama sosai. Wannan jan ganye ne, furannin ainihi ƙanana ne rawaya, suna laɓe a tsakiya. Asalinta Meziko, kuma sunan Joel Poinsett, jakadan Amurka a can, aka laƙaba mata. A ƙasashen ƙanƙara cikin tukunya ake ajiye ta a ɗaki lokacin Kirsimeti, amma a nan Jos a fili take tsayawa har ta fi mutum tsawo. Duhu take bukata kafin ta yi ja: sai dare ya yi tsawo makonni a jere, kuma ƙwan lantarki guda da aka bari a kunne kusa da ita yana iya jinkirta ta. Watanni ina wucewa ta gabanta, koriya kamar sauran, ban san dare yana aiki a jikinta ba. Sai na tuna mutanen da nake gaisawa da su kullum, da irin dararen da suke kwana a ciki ba wanda ya sani. Na tattaro busasshiyar ciyawa na rufe gindinta don danshi ya daɗe, na daɗe tsaye da bokiti a hannu, sanyi yana ratsa yatsuna.