Gawo Ya Tsira, Amma Me Ya Tsirar Da Shi?

Duk wanda ya bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ko ya ratsa gonakin da ke kewaye da kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, zai ga gawo da kuka da tsamiya tsaitsaye, amma kirya sai an wahala kafin a gan ta. Daga nan na samo tambayar da nake yawan jefa wa ɗalibaina idan muna darasin hujja da dalili: shin wannan ya isa shaida cewa gawo ya fi kirya jure fari?

Yawancinsu nan take suke cewa ya isa, tunda ga gawo a tsaye. Sai in tambaye su: fari ne kaɗai ke kashe itace? A nan ɗakin kan yi tsit. Manomi yana barin gawo ne domin yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu. Ita kuwa kirya, ƙarfinta ne ya ja mata, domin maƙera na son gawayinta, masassaƙa na son ta don turmi. Ke nan abin da ido ke gani zaɓin gatari ne, ba hukuncin fari kaɗai ba. Mai son sahihiyar amsa sai ya duba wurin da gatari ba ya shiga, kamar tsohuwar maƙabarta, ya gwada da gona.

Masana kurmi ma sun sha irin wannan tambaya. A manyan dazuzzukan da ruwa ya wadata, an lura tsiron da ya fito a gindin uwarsa ya fi saurin mutuwa. Mai gaggawa zai ce inuwa ce kawai. Daniel Janzen a 1970 da Joseph Connell a 1971 suka kawo wani dalili: ƙwari da cututtukan da suka saba da wannan iri a gindin uwar suke taruwa, don haka wanda ya faɗi nesa ya fi samun tsira.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan ƙwaƙwalwa ne kawai. A Maraɗi, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, an daɗe ana ganin fili fetal ana cewa itatuwa sun mutu, sai dai a dasa sababbi. Aka yi ta dashe, akasarinsa yana bushewa. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya lura cewa kututturan suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, sassabe ne ke hana su tashi. Manoma suka fara barin tohon suna gyara shi, har aka kiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar.

Shi ya sa nake roƙon hukumomin da ke rabon dashe kowace damina, da ɗaliban da gobe za su gaje su: kafin a yanke hukunci da abin da ya rage a tsaye, a fara tambayar abin da ya ɓace, da wanda ya ɓatar da shi.