Gwanar da ke kai kanta a duba ta a Manchester

Ɗiyar yayana da ke aikin jinya a Manchester ce ta haɗa ni da maƙwabciyarta, wata Baturiya mai sana'ar sauraron masu ciwon damuwa. Ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Ɗaki guda ta kama haya a saman wani kanti: kujeru biyu, agogon bango, kwalin tishu. Duk wanda ya zo daga aljihunsa yake biya.

Ta miƙo mini takardar da kowa ke cikewa kafin a fara magana. Sunanta PHQ-9, tambayoyi 9 ne a kan barci, cin abinci, kasala, har da ko mutum yana jin gara ma ya mutu. Maki daga 0 zuwa 27. Tana jera su mako bayan mako, kuma in lambar ta ƙi sauka, ba ta ɗora wa mai ciwo laifi. Takan faɗa masa gaba da gaba cewa aikin ba ya ci, ko su sake dabara ko ta tura shi wurin wani. Kuɗinta fa ke nan take korewa da hannunta!

Ƙungiyarsu, BACP, ta kuma wajabta mata zama na aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata da wani gogagge, ta baje masa aikinta ba tare da sunan kowa ba, ya tone mata inda ta kauce. Ita ke biyan sa.

Na ce mata wannan ai wahalar da kai ne ga mai furfura a sana'a. Sai ta kawo mini binciken da Steven Walfish da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2012: cikin masu wannan aiki 129, kashi 25 cikin ɗari sun sa kansu a sahun kashi goma na sama, kuma babu ko ɗaya da ya ce shi ƙasa da matsakaici yake. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mu a Babura, tsawon layi a ƙofar mai magani shi ne shaidarsa. Wanda bai dawo ba, sai a ce ya samu sauƙi, alhali wataƙila 'yan'uwa sun wuce da shi asibitin Kazaure ko Dawanau. Ita kuwa shafi guda ta ware wa waɗanda suka daina zuwa ba sallama. Takan aika musu da saƙo ta ji dalili, kuma ko sun amsa ko ba su amsa ba, ba ta lissafa su cikin waɗanda suka warke.